Ranar da Kwamfuta Ta Mayar da Hassan da Hussaini Mutum Ɗaya

Wata ƙungiyar manoman rani da 'yan gwari da ke hada-hada a wajen Farin Gada, nan Jos, ta taɓa neman in gyara mata rajistar mambobi. Rajistar kashi uku ce. Akwai wadda tsohon sakatare ya rubuta a littafi aka kwafe ta daga baya, akwai wadda wani yaro ya buga a shagon buga takardu, sai ta uku da aka tattara daga fom ɗin da mambobi suka cike da hannunsu. Taki za a raba, shugabanni kuma suna zargin akwai masu suna biyu har uku a ciki. Aka ce in haɗe ukun wuri guda, in zaƙulo maimaici.

Ban buɗe wata babbar manhaja ba. Na zuba fayilolin a cikin sqlite3, wato ƙaramin shirin nan na rumbun bayanai da ake sarrafawa daga baƙin allo, inda babu hoto babu maɓallin latsawa, sai dai ka rubuta umarni ka buga shiga. Masu aikin bayanai suna son sa don ba shi da nauyi, ko tsohuwar laftof mai tari tana ɗaukarsa, kuma abin da za ka kwana kana yi da ido yakan gama shi kafin shayinka ya huce, ko da a sanyin Disamba na Jos ne. Na rubuta layi ɗaya:

SELECT soundex(suna), count(*) FROM mambobi GROUP BY 1 HAVING count(*) > 1;

Ma'anarsa, a ba kowane suna lambar sauti, a tara masu lamba iri ɗaya, a nuna mini duk tarin da ya wuce mutum guda. Sakamakon farko ya faranta mini rai. Muhammad, Mohammed, Muhammed da Muhammadu duk sun taru a ƙarƙashin M530. Suleiman da Sulaiman sun haɗu a S455. Ciroma da Chiroma sun gane juna a C650. Na ƙara sharaɗi cewa sunan uba ma ya zo ɗaya, unguwa ta zo ɗaya, shekarar haihuwa ta zo ɗaya, na fitar da jerin waɗanda nake ganin babu tantama maimaici ne. Washegari na kai wa sakatare. Ya sa tabarau, ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a layi na huɗu ko na biyar.

"Injiniya, waɗannan biyun fa?"

"Mutum ɗaya ne, Malam. Uba ɗaya, unguwa ɗaya, shekara ɗaya, lamba ɗaya."

"To ai uwa ma ɗaya ce, rana ma ɗaya. Tagwaye ne. Ga rumfar Hassan can, ta Hussaini na bayanta."

Hassan H250 ne. Hussaini ma H250. Hassana da Husaina su ma H250. Duk wata hujjar da na ƙara don in tabbatar mutum ɗaya ne, ita ce kuma hujjar da ke nuna tagwaye ne. Da na bi ta kwamfuta na goge ɗaya, da wani bawan Allah ya rasa buhun takinsa ba tare da ya san laifin da ya yi ba.

Kwamfutar ba ta yi kuskure ba, abin da aka gina ta a kai ta yi. Don haka sai mu duba ginin.

Soundex, wato aikin da na kira a layin umarnin nan, wanda shi ne kakan duk dabarun ba wa suna lambar sauti, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Robert C. Russell ya yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1918, aka sake wata a 1922, kuma ana haɗa sunan Margaret King Odell a tarihin ƙirƙirarsa. A shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta yi amfani da shi wajen jera katunan tsofaffin ƙidayar jama'a, domin wanda aka rubuta Smith a wannan shekara aka rubuta Smyth a waccan a same shi a aljihun kabad guda. Akawu ne mai fensir yake lissafa lambar da ka, shi ya sa aka yi dokokin gajeru yadda mutum zai haddace.

Ga yadda suke. Harafin farko a bar shi yadda yake. Sauran baƙaƙen a raba su gida shida: b, f, p, v su ne 1, c, g, j, k, q, s, x, z su ne 2, d da t su ne 3, l ita kaɗai 4, m da n su ne 5, r kuma 6. Wasula a zubar, haka ma h, w da y. Idan baƙaƙe biyu 'yan gida ɗaya suka zo manne da juna, a ƙirga su sau ɗaya. A ɗauki lambobi ukun farko a yar da saura, in ba su kai uku ba a cike da sifili. Ɗauki Ibrahim: I ta tsaya, b ta ba da 1, r ta ba da 6, h ta faɗi, m ta ba da 5, an samu I165. Shi ke nan. Duk sunan duniya, komai tsawonsa, sai ya shiga wannan akwati na harafi ɗaya da lamba uku.

Akwai hikima a ciki, kada a raina ta. Wanda ya tsara gidajen nan ya lura da inda sauti ke fita a baki: na leɓe wuri guda, na hanci wuri guda. Mu ma abin ya yi mana rana a wasu wurare. Bahaushe ba ya bambanta f da p sosai a furuci, ga su kuwa gida ɗaya. Fatima da Fadima sun haɗu a F350 saboda d da t 'yan ɗaki ɗaya ne. Ishaq, Ishaku, Isiyaku da Isyaku duk I220. Ninka baƙi ko rashin ninkawa, wanda shi ne rabin rikicin rubutun sunayenmu, ba ya damun Soundex ko kaɗan, haka ma h ɗin da wasu ke liƙawa a ƙarshe, irin Isah da Fatimah.

Matsalar tana cikin abin da ya ɗauka bai da amfani. A sunayen Turawan Ingila da aka gina shi dominsu, baƙaƙe ne ƙashin suna, wasula kuwa tsoka ce da ke canzawa daga gari zuwa gari. A wurinmu wasalin ƙarshe kaɗai yakan raba namiji da mace. Aminu da Amina duk A550 ne. Ka tuna kuma yadda ake raɗa suna a gidajenmu: uba ɗaya zai sa wa ɗansa Aminu, ya sa wa 'yarsa Amina, su tashi gida ɗaya da sunan uba ɗaya. Bala da Bello B400. Mahmud ya faɗa tarin Muhammad a M530, alhali ko yaron goye ya san ba suna ɗaya ba ne. Sunayen da kusan duk wasula ne da h da w kuwa, ƙarmasƙas suke komawa: Hauwa H000, Shehu S000. Kama da wane ba wane ba ne, in ji Hausawa, to Soundex bai san wannan magana ba. Maƙwabtanmu Birom ma ba su tsira ba, don sunayensu gajeru ne: Pam P500, Dung D520, Gyang G520. Suna mai gaɓa ɗaya in ka cire masa wasali, me ya rage?

Sai kuma yanke wutsiya. Lamba uku ake ɗauka, sauran a zubar. Duba abin da wannan ke yi wa sunayen da suka fara da Abdul: b 1, d 3, l 4, akwati ya cika. Abdullahi, Abdulƙadir, Abdulmumini, Abdul'aziz, Abdulhamid, Abdulmalik, dukkansu A134. Ɓangaren da ke ɗauke da ainihin sunan, wato sifar Ubangiji da aka jingina bawan gare ta, shi ne daidai wanda aka yanke. A rajistar 'yan gwarin nan, tarin A134 ya fi kowane tari tsawo, kuma bai gaya mini komai ba sai cewa Musulmi suna da yawa a kasuwar. Abin haushin, inda ya kamata ya haɗa sai ya raba. Mai bin ƙa'idar Larabci ya rubuta Abdurrahman, ya samu A136. Mai rubuta Abdulrahman ya samu A134. Abdussalam A132, Abdulsalam A134. Mutum ɗaya, aljihu biyu.

Amma a ganina babban rauninsa a kanmu shi ne amanar da ya ba harafin farko. Dokar ta ɗauka cewa ko mai rubutu ya yi kuskure a ko'ina, ba zai yi a farkon suna ba. Mu kuwa a nan ne muka fi saɓani, kuma ba kuskure ba ne, tarihi ne. Suna ɗaya na Larabci ya shigo mana ta hanyoyi da yawa: ta bakin malaman zaure da suka hausantar da shi tun ƙarnuka, ta alƙalamin malamin firamare mai rubutun boko, ta hannun ɗan Islamiyya da ke son ya dawo da shi kusa da asalinsa, ta kuma rubutun Faransanci na 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, waɗanda ba su da wuyar samu a kasuwannin Jos da Abuja. Khadija K320, Hadiza H320: lambobin sun yi daidai, harafin farko ya raba su. Usman U255, Ousmane O255, Uthman U355, Othman O355, suna ɗaya gida huɗu. Yusuf Y210, amma Issoufou, kamar yadda tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ke rubuta nasa, I210. Shu'aibu S100, Chaibou C100. Jibo J100, Djibo D210.

Kafin ma a kai ga wannan, akwai ƙazantar da ke cikin gurbin sunan kansa. Moh'd da Muh'd suna ba da M300, ba su haɗu da Muhammad ba. Wanda aka rubuta masa Alhaji Musa a gurbin suna, Soundex zai karanta l, j, m ya ba shi A425, lambar Alhassan ke nan daidai.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne, kalmar soundex ɗaya ce a duk manhajojin, amma aikinta ba ɗaya ba ne. A SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, aikin ba ya nan sai in wanda ya harhaɗa manhajar ya kunna zaɓin SQLITE_SOUNDEX. Shi ya sa umarnin da ya yi aiki a kwamfutarka zai iya cewa bai san wannan aiki ba a ta abokinka. Rubuta PRAGMA compile_options. Za ka ga ko an kunna. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, sai ka fara shigo da ƙarin da ake kira fuzzystrmatch. MySQL kuwa, wadda ita ma manhajar rumbun bayanai ce, nata salon daban ne ta fuska biyu. Ba ta yanke lambar a huɗu, don haka Abdulkadir zai fito A134236, ya rabu da Abdullahi, wanda wannan alheri ne gare mu. Sai dai tana zubar da wasula tukuna kafin ta haɗe baƙaƙe masu maimaituwa, don haka b biyun da ke cikin Abubakar sai su zama ɗaya ta ba da A126, alhali SQLite da PostgreSQL A112 za su ba ka. Wanda ya lissafa lambobi a wannan rumbu ya kwashe su ya kai wancan don ya gwada, ya auna hatsi ne da mudu biyu.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni dariya da takaici a lokaci guda: baƙaƙenmu masu ƙugiya. Kwamfuta tana ajiye a, b, c na Turanci a bayit ɗaya ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin ajiyarta, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne bayit biyu yake ci a tsarin ajiye rubutu na UTF-8. Soundex na SQLite bayit bayit yake tafiya, kuma a farkon suna yana tsallake duk abin da bai gane a matsayin harafin Turanci ba. To ka ba shi Ɗanladi. Zai tsallake Ɗ ya fara daga a, ya ba ka A543, alhali Danladi marar ƙugiya D543 ne. Ka ba shi Ɓalewa, na cikin sunan Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ya karanta alewa, ya ba da A400, ya jera shi tare da Ali da Aliyu. A tsakiyar suna kuma wani abin yake yi. Ba ya tsallakewa, yanke wa bayit ɗin kai yake yi ya karanta abin da ya saura, kuma abin da ke saura daga bayit na farko na ƙ shi ne harafin F. Saboda haka Bako B200 ne, amma Baƙo, wanda aka rubuta daidai, B100 ne, lamba ɗaya da Baba. Wato wanda ya kyautata rubutun Hausa shi ake hukuntawa. PostgreSQL dai ta fito fili a bayananta ta ce soundex nata da metaphone, wani tsarin lambar sauti, ba sa aiki da kyau da irin waɗannan haruffa. Ga kuma alamar hamza da ke cikin A'isha, Sa'adatu da 'Yar'aduwa, wadda waya ke rubutawa da siffa ɗaya, kwamfuta da wata, mai gaggawa kuma ya bar ta gaba ɗaya.

Ba mu kaɗai muka koka ba, kuma waɗanda suka riga mu kokawa ba su tsaya kuka ba. Jamusawa sun ga Soundex bai dace da harshensu ba, Hans Joachim Postel ya fitar da tsarin Kolon a 1969. Jihar New York ta yi nata, NYSIIS, a 1970. Masu binciken asalin Yahudawan Gabashin Turai sun ga sunayensu na Jamusanci da na harsunan Silabiya suna watsewa, sai Gary Mokotoff da Randy Daitch suka gina nasu a 1985, mai lamba shida, wanda harafin farko ma lamba ake ba shi, kuma suna ɗaya kan iya samun lamba fiye da ɗaya in ana furta shi ta hanya biyu. PostgreSQL ta shigar da shi cikin fuzzystrmatch a fitowarta ta 16, a 2023. Lawrence Philips ya kawo Metaphone a 1990, sannan Double Metaphone a 2000. Kowannensu mutanen wani harshe ne suka zauna suka saurari sunayensu.

Double Metaphone ya ɗan share mana hawaye ta wuri ɗaya. Duk sunan da ya fara da wasali, ko da y, yana mayar da farkonsa A. Don haka Usman, Osman da Ousmane duk ASMN ne, Yusuf da Issoufou duk ASF. Amma th a wurinsa ta Turanci ce, saboda haka Uthman bai shiga cikin 'yan'uwansa ba. Shi ma a harafi huɗu yake tsayawa, Abdullahi da Abdulkadir duk APTL. Tagwayenmu kuwa suna nan manne, HSN da HSN.

Wasu za su ce a bar sauti, a koma ƙirga haruffa. Akwai ma'aunin da masanin lissafin Rasha Vladimir Levenshtein ya bayyana a 1965: sau nawa za ka sauya harafi, ko ka ƙara, ko ka cire, kafin wannan kalma ta zama waccan? Yana cikin fuzzystrmatch, kuma yana da amfani ƙwarai wajen kama kuskuren yatsa, irin Ibrahim da aka buga Ibarhim. Amma gwada shi a kanmu. Tsakanin Aminu da Amina taki ɗaya ne, mutum biyu. Tsakanin Hassan da Hassana taki ɗaya, mutum biyu. Tsakanin Muhammad da Mohammed taki biyu, mutum ɗaya. Usman da Uthman taki biyu, mutum ɗaya. A ina za ka ja layi? Duk inda ka ja, ko ka haɗa wa da ƙanwa, ko ka raba mutum da kansa.

Duk wannan ma a kan rubutu ne. Akwai wani rami da babu lissafin sauti ko na harafi da zai tsallake shi, wato laƙabi da alkunya. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba, shi ne Bukar a bakin mutanen Barno. A112, G610, H100, B100, B260. Babu abin da ya haɗa Garba da Abubakar a kunne. Abin da ya haɗa su yana cikin kan mutanen da suka tashi a cikin al'adar. Usman shi ne Shehu, saboda girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Umaru Sanda ne. Abdullahi Audu, Ibrahim Iro, Adamu Ado, Idrisu Idi. A'isha Indo ce, Fatima Binta, Hauwa Kulu, Khadija Dije, Maryam Mairo, Zainabu kuwa Abu, wanda in ba ka yi hankali ba ka kai ta gidan Abubakar. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya kiran sunan ba, sai ya tashi da Abba ko Baba ko Maikano, wata rana ya je cike fom ya rubuta wanda ya fi sabawa da shi. A gidan da aka yi Muhammadu da yawa kuwa, Sani da Salisu da Rabi'u lissafi ne na biyu da na uku da na huɗu, kuma mutum ɗaya zai rubuta Muhammad Sani yau, gobe Sani kawai, jibi Sani Muhammad, inda ba ka san ko Muhammad ɗin nasa ne ko na mahaifinsa ba. Wani kuma sunan garinsu ne a gurbin sunan uba, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari.

To me ya rage wa mai zama gaban baƙin allo? Abin da na koma yi, kuma nake ganin shi ne daidai, shi ne in daina neman lambar sauti ta yanke mini hukunci. Rariya ce. Amfaninta shi ne ta rage yawan gwaji. In kana da suna dubu goma, gwada kowanne da kowanne ya kusa gwaji miliyan hamsin. In ka fara tara su gida gida, sai ka gwada 'yan gida ɗaya kawai. Wannan aikin tana yin sa da kyau, musamman in ka ajiye lambar a gurbinta ka ɗora mata fihirisa don bincike ya yi sauri. Amma rariyar ma sai an saƙa ta daidai da tsabar da za a tace.

Na fara da wanki. Na ware Alhaji, Alh., Hajiya, Malam, Mal. da makamantansu zuwa wani gurbi daban, ban goge su ba, don wata rana su ne ke raba uba da ɗa. Na buɗe wani sabon gurbi na mabuɗin bincike, na bar sunan asali yadda mai shi ya rubuta, ƙugiya da hamza da komai. Ba a taɓa wannan. A cikin mabuɗin ne na mayar da ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, da replace() a cikin replace() har layin ya yi tsawon igiyar guga. A kula, lower() na SQLite haruffan Turanci kaɗai yake ƙanƙantawa, ba ya taɓa Ɗ da Ƙ, sai ka bi manya da ƙanana ɗaya bayan ɗaya. Na cire hamza kowace iri. Na mayar da ou zuwa u, q zuwa k, kh zuwa h, th zuwa s, dj zuwa j, na haɗe baƙaƙe masu ninki, na cire h ta ƙarshe. Wasula kuwa ban zubar ba. Na dai haɗa o da u, na haɗa e da a, don Mohammed ya sadu da Muhammad, Ahmed ya sadu da Ahmad, amma Amina ta tsaya daban da Aminu, Hussaini ya tsaya daban da Hassan. Abdul da Abdur da Abdus na yanke su gefe, na gina mabuɗin a kan abin da ya biyo baya.

Sai tebur na biyu, wanda shi ne ainihin dukiyar, kuma ba ni na cika shi ba. Gurbi biyu ne kawai: laƙabi da sunan yanka. Na zauna da sakatare da wani dattijo mai sayar da kabeji, ina karantowa suna faɗa mini. A nan na ji waɗanda ban taɓa sani ba, a nan kuma aka yi gardama, don wani laƙabin a Kano na wannan suna ne, a Bauchi na wancan. Irin waɗannan na bar su da layi biyu, kwamfuta ta kawo duka biyun a duba. Na ƙara tebur na uku ƙarami, na sunayen da ko sun yi kama kada a kuskura a haɗa su: Hassan da Hussaini, Hassana da Husaina, Aminu da Amina, da irinsu.

Dalilin wannan wahala shi ne kuskuren iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. In ka kasa gane cewa Garba da Abubakar mutum ɗaya ne, wani ya karɓi buhu biyu, ƙungiya ta yi asarar buhu. In ka haɗe mutum biyu, ka share wani daga rajista, kuma shi ba zai sani ba sai ranar rabo, a gaban jama'a, inda za a ce masa kwamfuta ta nuna ya yi rajista sau biyu. Ka kai wannan asibiti, inda katin Amina zai haɗu da na Aminu, ko wurin biyan albashi, ka ga abin da zai haifar. A binciken da mutum zai zauna ya duba sakamako, rariya mai faɗin ido ta fi, gara ta kawo goma ka zaɓi ɗaya. A aikin da na'ura za ta goge ko ta haɗe da kanta, lambar sauti ba ta isa hujja ba sam. Layin umarni kuma ba ya tambayarka ko ka tabbata. Ka rubuta DELETE, wato umarnin gogewa, ka buga shiga, ya tafi. Kwafi fayil ɗin tukuna, ko ka fara da BEGIN don ka samu hanyar komawa da ROLLBACK.

Ƙasa ma da ta tashi maganin wannan matsala ba ta dogara da suna ba. BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da NIN da hukumar NIMC ke bayarwa, kowanne lamba goma sha ɗaya ce da aka ɗaure da zanen yatsa da hoton fuska. Tagwaye ma zanen yatsunsu daban ne. Duk da haka rikicin rubutun suna bai mutu ba, ya dai koma wani wuri: mutum na da Mohammed a banki, Muhammad a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a takardar makaranta, ya yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida don ya tabbatar shi ne shi. Ƙananan ƙungiyoyi, makarantun unguwa da ɗakunan shan magani kuwa ba su da na'urar ɗaukar yatsa. Suna ne da lambar waya, wayar ma sau da yawa ta gida ce, mutum uku ke amfani da ita.

Jerin da na mayar wa sakatare karo na biyu ya fi na farko gajarta, kuma ban rubuta maimaici a kansa ba, na rubuta a duba. Ya raba shi ga shugabannin layi, kowa ya bi nasa rumfa rumfa. Wasu sun tabbata mutum ɗaya ne, akasari ma ba da niyyar cuta ba, sakatarori ne daban daban suka rubuta su. Wasu kuwa uba ne da ɗa, ko ɗan wa da ɗan ƙane da aka sa wa sunan kaka ɗaya.

Abu ɗaya ne har yau ban warware ba, wato ch. A rubutun da muka gada daga Ingilishi c ce ta Hausa, Chiroma shi ne Ciroma, Chindo shi ne Cindo. A rubutun Faransanci sh ce, Chaibou shi ne Shu'aibu. Doka ɗaya ba za ta ɗauki biyun ba, kuma a rajista ɗaya ta kasuwa ɗaya duka biyun suna nan. A yanzu ina ba duk sunan da ya fara da ch mabuɗi biyu, ɗaya da c ɗaya da sh, in bar sakatare ya faɗa mini wanne ne mutumin Maraɗi.